Sallamar da Ke Cikin Kaset

An yi wani mutum a wani gari, tun kaset yana da daraja. Tanimu sunansa. 'Yar rumfa gare shi a bakin kasuwa, yana sayar da rediyo da hedifon, abin nan da ake kifawa a kunne. Akwai wani hedifon mai tsada da ya daɗe a rataye. Kullum ya goge shi, kullum ya mayar. Ba mai saye.

Rannan sai ga wani Lawwali riƙe da hannun tsohuwarsa, Iya Tabawa. Jinta ya fara tafiya. Ta zo da kaset ƙulle a tsumma. Mijinta ne ya yi mata magana a ciki ya aiko daga Makka, yadda waɗanda ba sa rubutu suke yi a da. Bai dawo ba. Can aka binne shi.

"Malam, ba ni wanda ya fi kowanne tsada," in ji Lawwali. "So nake ta ji muryar Baba kafin kunnen ya rufe."

Tanimu ya sauko da na ratayen, ransa na cewa yau kasuwa ta yi. Ya fara gwadawa a kunnensa, ya ji da sallama marigayin ya buɗe. Ya mayar da kaset baya, ya kifa wa Iya.

"Iya, kina ji?" Lawwali ya tambaya.

"Madalla. Allah ya yi albarka."

To, ku saurara nan. Ɗa ya gamsu, uwa ta sa albarka, hannu ya shiga aljihu. Wa zai ce an yi cuta? Amma bawan Allahn nan Tanimu bakinta yake kallo. An yi mata sallama, ba ta amsa ba. Tsohuwa irin wannan ba ta barin sallama ta faɗi ƙasa. Kara take yi wa ɗanta.

"Maigida, dakata tukuna," in ji Tanimu. "Wannan na masu kiɗa ne, rugugin dumansa yana danne murya. Iya ba ta ji ba."

"Ai ta ce madalla."

"Ta ce. Ba ta ji ba."

Ya shiga sauko da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da kaset, ya kifa, ya duba bakinta. Ya mayar, ya kifa, ya duba. Masu ciniki suka gaji suka wuce gaba. Can ya ɗauko wani marar ado, mai sauƙin kuɗi, wanda yake fitar da murya tas.

Leɓenta ya motsa.

"Wa alaikumus salamu, Malam," ta amsa wa mijinta a hankali. "Ka sauka lafiya?"

Lawwali ya juya baya don kada a ga hawayensa. Tanimu ya goge mai tsadan, ya mayar kan ƙusarsa.

Jama'a, amana ba ta tsaya a abin da mai saye ya faɗa ba. Mutum yakan ce maka madalla don kunya, kai kuwa ka san bai samu ba. Gobe in ka buɗe shagonka, ko ka koma wajen mahaifiyarka, kada madallarsu ta ishe ka. Duba ko sun amsa sallama.