Motar da Ta Sha Ruwa

Akwai wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani asibiti, wanda mutanen unguwarsu suke kira Likita. Shi ba likita ba ne, amma bai taɓa hana kowa kiransa da haka ba. Mutum ne mai tsafta da tsari, kuma aikinsa ya saba masa da ɗabi'a guda: abin da na'ura ta buga a takarda shi ne gaskiya a wurinsa, abin da mutum ya faɗa da baki kuwa zato ne kawai.

Yana da mata da 'ya'ya uku. Biyu suna makaranta, ta ukun, wadda suke kira Auta, ba ta cika shekara biyu ba. Da ya ga babur ya daina isarsu, sai ya ƙudura sayen ƙaramar jif, irin wadda iyali za su shiga su sake, ta kuma iya ratsa ramukan titinsu idan an yi ruwa.

Wata uku ya yi yana bincike a waya. Sabuwa dal ta fi ƙarfinsa, don haka hankalinsa ya koma kan ta hannu. Ana nan sai ya ga hoton wata fara a wurin wani dillali. Ba ta kai shekara biyu da ƙerawa ba, ba ta yi tafiya mai yawa ba, kuɗinta kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Tun daga ranar ya daina duba wata.

Ranar Asabar da safe, yana ɗaura agogo, matarsa ta ce, "Baban Auta, na kira Yaya. Ya ce zai same mu a can."

Yaya shi ne wan Likita, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai yi karatu ba. Shekara talatin ke nan yana ɗinkin kujerun mota a wata rumfa ta bayan gareji.

Likita ya ɓata fuska. "Wa ya sa ki? Mota zan saya, ba kujera ba."

"Ai kujera a cikin mota take," in ji ta. "Kuma babba ne. Ka sayi abu irin wannan bai sani ba?"

Ran Likita dai bai so ba.

Sun isa wurin wajen ƙarfe goma sha biyu, rana ta take sosai. Fili ne shimfiɗe da siminti, motoci a jere, babu inuwa sai 'yar rumfar mai gadi a bakin ƙofa. Dillalin ya fito da fara'a, yana ta "Ranka ya daɗe, Likita," ya miƙa masa takarda mai shafi biyu, wadda ya ce na'ura ce ta duba motar ta buga. Likita ya bi layukan da yatsa, kamar yadda yake bin sakamakon jini. Kowane layi ya ce lafiya.

Sai ga Yaya ya shigo da kayan aikinsa a jiki, gam ya bushe a yatsunsa, sukudireba da 'yar wuƙar yankan fata suna leƙowa daga aljihun gaba. Ya gaisa da kowa, ya ja kumatun Auta, sannan ya buɗe ƙofar baya. Bai dubi fenti ba, bai ce a buɗe inji ba. Ya sunkuyar da kai ciki ya shaƙi iska.

"Turare uku a mota ɗaya?" ya ce. "Amarya za a ɗauko?"

Dillali ya yi dariya. "Baba, haka muke wa kowace mota."

Yaya ya kama bel ɗin kujera ya ja shi a hankali, ya ci gaba da ja har ya ƙure. Can kusa da ƙarshensa akwai wani layi mai launin ƙasa da ya ratsa shi. Ya durƙusa, ya tura hannu ƙarƙashin kujera ya matsa soso, ya fito da hannun ya sansana. Ya kankare kan wani noti da farce, tsatsa ta zubo.

Ya miƙe, ya ja ƙaninsa gefe, ya rage murya. "Ƙanina, motar nan ta sha ruwa. Ambaliya ta shanye ta har wuya, aka busar da ita aka wanke. Kada ka saya."

"Takarda ta ce lafiyarta ƙalau."

"Ni ban san takarda ba. Na san soso. Soson da ya kwana a ruwa ba ya ɓuya. Kuma a ƙarƙashinsa wayoyi suke. Yau za su yi aiki, gobe su ƙi, babu sanarwa."

Dillalin, wanda ya matso yana saurare, ya ce, "Likita, wannan bakaniken ku ne?"

Tambayar ta soki Likita. Maimakon ya ce wansa ne, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yaya, don Allah kowa ya tsaya inda ya iya. Na'ura ta duba mota ta ce lafiya, kai kuma ka zo kana shinshina kujera. Takardar nan ko na ba ka, ba za ka iya karanta ta ba. Idan kujerar ta yage zan kawo maka."

Matarsa ta ce, "Baban Auta!"

Yaya ya dube shi. Sannan ya ce, "To. Allah ya sanya alheri." Ya juya ya tafi rumfar mai gadi ya zauna a kan benci. Bai tafi gida ba.

Dillali ya duba agogo. "Ba matsa maka nake ba, Likita, amma akwai wani da zai zo ƙarfe ɗaya saboda ita. Ku shiga ku ji sanyinta."

Aka tayar da mota, aka kunna na'urar sanyi. Auta ta riga ta yi barci a kafaɗar uwarta saboda zafi, sai uwar ta kwantar da ita a kujerar baya, ta ɗaura mata bel don kada ta mirgino. Ta fito domin ta ga girman but, wato wurin zuba kaya na baya. Likita ma ya fito da rimot a hannunsa, ya tura ƙofa don kada sanyin ya fita. Dillali ya shimfiɗa takardar ciniki a kan wata mota ta kusa, ya miƙa masa biro.

Bai kai ga sa hannu ba suka ji ƙaras. Ƙofofin nan huɗu sun kulle kansu. Fitilu suka yi walƙiya sau biyu, injin ya yi tari, ya mutu.

Likita ya danna rimot. Shiru. Ya sake dannawa, ya matso kusa, ya danna da ƙarfi. Matarsa ta ja ƙofar baya, ta ja ta gaba, ta zagaya ta ja na ɗaya gefen, ta ja but.

"Buɗe mana! Yarinya tana ciki!"

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," in ji dillali. "Ƙaramin abu ne." Ya karɓi rimot ya zare ɗan makullin ƙarfe da ke cikinsa, ya zura a ƙofar direba. Makullin ya shiga rabi ya tsaya. Ya murɗa, ya ƙi juyawa. Da ya zare shi, busasshiyar laka ce a jikinsa.

Likita ya ga lakar.

A ciki Auta ta farka. Suna ganin bakinta a buɗe tana kuka, amma da ƙyar sautin yake fitowa. Tana fama da bel, tana miƙo hannu wajen uwarta. Rana tana dukan rufin motar, kuma babu ko tsaga a gilashi da iska za ta shiga. Likita ya san abin da zafi yake yi wa jikin ƙaramin yaro a rufaffiyar mota, ya san ba awa ake ƙirgawa ba, minti ne. Amma sanin nan bai ba shi dabara ba.

"Na kira mai gyaran wuta," in ji dillali, waya a kunne. "Minti ashirin ya iso."

"Minti ashirin?" Matar ta dafa gilashi da tafin hannu, ta janye saboda zafi. "A fasa! Baban Auta, a fasa!"

Dillali ya shiga tsakaninsu da motar. "A'a. Ba a sa hannu ba tukuna, motar mutane ce. Duk wanda ya fasa, ya saya."

Gumi ya jiƙe gashin Auta, fuskarta ta yi jawur. Kukan ya fara raguwa, kanta ya langaɓe gefe. Wannan shirun ya fi kukan tayar da hankali.

Likita ya ture dillalin, ya ɗauki wani guntun bulo ya maka a tsakiyar gilashin baya. Bulon ya farfashe, gilashin ko tsagewa bai yi ba. Ya sake ɗagawa, sai aka riƙe masa hannu ta baya.

"Ba nan ba," in ji Yaya. "Za ka zuba mata a fuska. Matsa."

Bai yi gudu ba, bai yi ihu ba. Ya zagaya ƙofar gaba ta ɗaya gefen, wadda ta fi nisa da yarinyar. Ya ɗora bakin sukudireba a can kusurwar gilashi ta ƙasa, ya doke gindinsa da tafin hannu sau ɗaya. Gilashin ya dagargaje gaba ɗaya ya zube. Wani zafi ya buso daga ciki kamar an buɗe tanda.

Ya zura hannu ya ja mariƙin ciki, ƙofa ta buɗe. Ya haye kan kujera ya miƙa baya. Ya danna maɓallin bel, ya ƙi sakewa. Bai sake gwadawa ba, ya zaro wuƙarsa ya yanke bel ɗin, ya ɗago Auta ya miƙo ta waje.

Jikinta zafi rau, idanunta a lumshe. Suka ruga da ita rumfar mai gadi. Likita ya cire mata riga, uwar tana shafa mata ruwa a wuya da ƙirji tana kiran sunan Allah, mai gadi yana yi mata fifita da kwali. Can sai yarinyar ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido, ta fashe da kuka mai ƙarfi. Uwar ta zube a ƙasa ta rungume ta, ita ma tana kuka.

Dillali ya biyo su. "To, yanzu maganar gilashi da bel..."

Yaya ya miƙe. "Zo mu yi maganar." Ya koma motar, mutanen da suka zo duba wasu motoci suna biye da shi. Ya sa sukudireba ya ɓalle bakin kafet ya ɗaga. Soson ƙarƙashi ya yi baƙi, yana wari, wayoyin da ke kwance a kai sun yi kore. Ya matsa soson, ruwa ya fito tsakanin yatsunsa.

"Gilashi zan sa maka, bel ma zan sa maka, sana'ata ce," ya ce. "Kai kuma ka gaya wa mutanen nan me za ka sa wa uwar yarinyar can da mun jira minti ashirin ɗinka."

Masu duba motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Likita ya zo ya tsaya a gaban wansa. Ya durƙusa a kan simintin nan mai zafi, a gaban mutanen da ya wulaƙanta shi a idonsu. "Yaya, abin da na faɗa ɗazu... ka yafe mini. An tambaye ni ko kai wane ne, na kasa cewa wana ne."

"Tashi, kada ka ɓata wandonka," in ji Yaya. Sai a lokacin aka lura jini yana ɗiga daga tsintsiyar hannunsa, inda gilashi ya yanke shi. Ya miƙa wa ƙaninsa hannun. "Ungo, duba mini wannan. Ai kai ka ce kowa ya tsaya inda ya iya."

Likita ya wanke ciwon, ya ɗaure shi da hankicinsa, yana ɗaurewa hawaye suna zuba a kan hannun. Daga nan suka tari tasi, suka wuce asibiti da Auta da Yaya gaba ɗaya.

Bayan mako uku Likita ya sayi wata jif mai ruwan toka a wani wuri dabam. Ta girmi farar da shekara huɗu, akwai karce a ƙofarta, babu mai juyowa ya kalle ta a titi. Da mai motar ya tambayi wane ne dattijon da ya shafe rabin yini yana dubawa, Likita bai bari an gama tambayar ba ya ce, "Wana ne. Sai abin da ya ce."

Darasi: Ilimin takarda abu ne mai daraja, amma ba shi kaɗai ne ilimi ba. Wanda ya shekara talatin yana aiki da hannunsa ya san abin da na'ura ba ta bugawa, kuma raina shi kan iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Idan za ku sayi mota ta hannu, ku tafi da wanda ya sani, ku saurare shi, kada ƙyalli da sauƙin kuɗi da gaggawar dillali su rufe muku ido. Ina kuma roƙonku da girman Allah, kada ku bar yaro shi kaɗai a mota ko na minti ɗaya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin zuwa sayen mota a wannan makon.