Tattakin Malam Bawale

Ku gyara zama, yau labarin maƙwabcina na kawo muku, Malam Bawale, tsohon direban babbar mota. Mutum ne da in ka ce masa ga rami a gabansa sai ya tambaye ka ko kai ka haƙa. Na gaji da rabon gardamar gidansa, shi ya sa zan juye muku ita.

Ciwon suga ne ya kama shi. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya riƙa ɗan tattaki. Tattaki fa aka ce, irin na zuwa masallaci a dawo. Shi kuwa ya iso gida ya ce zai hau tsohuwar hanyar fatake, wadda ta bi ta kan tsaunukan Mambila har ta faɗa ƙasar Kamaru. Mai son ganin ƙarshenta sai ya yi guzurin makonni. Malam ya ce shi zango ɗaya zai ci, daga gindin tsauni zuwa wata ruga da ke bisa, ya dawo kafin magariba, don yana saurayi ya sha bin ta da kaya a ka.

Matarsa Goggo Hansai ta ce, "Malam, da wace gwiwar?"

Ya ce, "Da wadda na je neman aurenki."

Ta roƙa, ta yi fushi, ta haɗa shi da liman, duk a banza. Sai ta kira 'ya'yansu uku ta ce su bi shi: Sallau babba, mahauci, Ladidi, ma'aikaciyar jinya, da autansu Ɗanliti, magidancin da farauta ta ɗauke wa hankali.

Da gari ya waye Malam ya sa takalmin Juma'a mai santsi, ya haɗiye ƙwayarsa, ya ture kokon da aka dama masa, wai ciki cike ba ya hawan tudu. Goro kawai ya cusa a baki. Da ya ga Ladidi tana sa kwalbar zuma a jaka, ya tambaye ta ko biki za su.

Suka tsallake wani rafi da ruwansa bai wuce idon sawu ba, suka kama hawa. Ciyawa shar, iska mai sanyi, shanun Fulani can ƙasa kamar tumaki, amma babu wanda ya samu sukunin kallo. Malam na gaba yana faɗa: Sallau na haki kamar tsohuwar mota, Ladidi ta cika tsayawa, Ɗanliti ba ya jin magana. Bayan azahar gajimare ya sauko ya lulluɓe su, har mutum ba ya ganin na kusa da shi. Suka ce a dakata. Malam ya ce zai kewaya, ashe wata gajeriyar hanya ya tuno tun ta zamanin samartakarsa. Suka jira, suka ƙwala kira, shiru.

Sallau ya ce a nufi sama, Ladidi ta ce a koma ƙasa. Ɗanliti kuwa ya durƙusa yana duba ƙasa. Ya ga jan yawun goro a kan dutse, ya ga inda takalmi ya zame a taɓo, ya ga ciyawar da ta kwanta. Da rarrafe ya bi sawun, 'yan'uwansa na riƙe da bayan rigarsa, har bakin wani kwazazzabo da ko kusa ba ya kan hanya. A can ƙasa suka hango tsohon kwance tsakanin duwatsu.

Suka same shi sharkaf da gumi a cikin wannan sanyi, ido buɗe, yana kiran yaran motarsa da suka daɗe da rasuwa. Sallau ya ce iskokin tsauni ne, ya fara tofi. Ladidi ta ture shi, don ta gane suga ne ya faɗi: ƙwaya a ciki, babu abinci. Ta dangwali zuma tana shafa masa a cikin kumatu. Ya gantsara mata cizo har jini, ba ta janye ba, sai da idonsa ya dawo daidai. Ta ɗaure masa ƙafar da ta gurɗe da ɗankwalinta. Kalmarsa ta farko ita ce, "Ina hulata?"

Sai ruwa ya kece. Waya ba ta shiga, ƙafa ba ta taku, tsohon na rawar ɗari. Sallau ya goya shi ya fito daga kwazazzabon, ya kama gangara a kan taɓo mai santsi, yana faɗuwa kan gwiwa yana tashi. Da suka iso rafin nan, ruwa ya kai ƙirji. Ya saɓa uban a wuya ya shiga, uban na ƙwanƙwasa masa kai wai ba nan ne mashigi ba. Ya dire shi a ƙetare, ya koma ya jawo ƙannensa. Ko numfashi ba su gama mayarwa ba ambaliya ta sauko da kututtura, ta shafe wurin.

Malam ya kwanta asibiti, ya warke. Muka je barka, muna zaton za mu ji godiya. Ina! Cewa ya yi yara sun ɓata masa tafiya, saura ƙiris ya isa rugar. Wai da zarar damina ta ɗauke zai koma ya ƙarasa, har ya ɗora zango na gaba. Kuma ba ya son taron yuyuyu, mutum ɗaya zai ɗauka, wanda ya ceci ransa, don shi kaɗai ya yarda da shi. Goggo Hansai ta san halin mijinta: in ba a ba shi ɗan rakiya ba, sulalewa zai yi shi kaɗai.

Tun ran nan gidan bai huta ba. Sallau ya ce shi dako kawai ya yi, da Ladidi ba ta farfaɗo da Baba ba, gawa zai goyo. Ladidi ta ce zuma ba ta neman mutum a daji, da Ɗanliti bai gano shi ba, da tana nan da kwalbarta a jaka. Ɗanliti ya ce gani da ido ba ceto ba ne, da Yaya Sallau bai ƙetare da su ba, da sanyi ko ruwa ya ƙarasa aikin. Ba ƙin ubansu suke ba. Kowa dai ya san abin da mutum uku suka sha da ƙyar, yanzu a kan mutum ɗaya zai sauka. Ga shi ruwa ya fara ja baya, Malam har ya sa an wanke masa takalmi.

To jama'a, tsakanin wanda ya gano shi, da wadda ta farfaɗo da shi, da wanda ya goyo shi, wane ne ya ceci ran Malam Bawale har ya cancanci wannan rakiya?