Mahaucin da Ya So Ya Taurara Zuciyar Ɗansa

Ya 'yan uwa, bari in fara da tona asirin kaina kafin wani ya riga ni. Shekarata hamsin da biyu, ko kaza ban iya yankawa da ido buɗe. Ranar layya ina ɗora wuƙa, in yi bisimilla, in kalli sama kamar mai duban wata. To ni ɗin nan ne za ni yi muku magana a kan jini yau, kuma jikina har rawa yake don in faɗa.

An yi wani mutum a nan Sabon Birni, mahauci ɗan mahauci. Ba za ni ambaci sunansa ba, ko da yake rabinku kun ci tsirensa. Yana da ɗa namiji guda, Hafizullahi, ɗan shekara goma sha ɗaya. Yaron nan tun yana ɗan bakwai yake riƙe ƙafar rago a mahauta, yana wanke kayan ciki yana waƙa. Bai taɓa tsoron jini ba. Ku riƙe wannan.

Sai mutumin ya sayi babbar waya. Ya je wurin masu tura fim a bakin kasuwa, suka cika masa kati da finafinan nan na ƙasashen waje da ake datsa mutane kamar kabewa. Ya ji daɗinsu ƙwarai, amma irin daɗin mai sana'a. Kullum bayan la'asar, in an tashi kasuwa, ya zauna a zaure yana gyara wa masu fim aiki.

"Wanga ba jini ba na, zoɓo na," in ji shi. "Dubi inda ya sa wuƙa. Ko gaɓa bai sani ba."

Daga nan tunani ya zo masa. Yaro za ya gaji sana'a, kuma mu Gobirawa ba a san mu da raunin zuciya ba. Me zai hana a ƙara masa tauri? Ya kira Hafizullahi ya zaunar da shi, ya ɗora masa waya a cinya. In yaron ya rufe ido, uban ya janye hannun yana dariya.

Matarsa Zulaihatu ta leƙo ta ga abin da ake kallo. Ta ce, "Baban Hafizu, wanga abu ba na yara ba na."

Ya ce, "Ɗan da ya tashi cikin jini? Mi za shi gani da bai gani ba?"

Ya 'yan uwa, ga kuskuren nan, ku dube shi da kyau. Jinin da yaron ya sani jinin dabba ne, wanda aka ambaci sunan Allah a kansa, aka wasa wuƙa don kada ta wahala, aka ci naman aka ba maƙwabta. Na cikin waya kuwa mutum ne yana roƙo, wani yana yanka shi yana murmushi. Babba ya san ƙarya ce. Yaro fa? Ko ya faɗa da baki cewa ƙarya ce, wa ya gaya wa zuciyarsa? Kuma mai yankan nan na fim, gaban rigarsa jini, wuƙa a hannu, yana dariya. Wa yaron ya sani mai irin wannan kama?

Aka yi wata biyu ana haka. Yaron ya daina waƙa a mahauta. Ya fara tsame nama daga miya yana ajiyewa gefe. Uban ya ce girma ne.

Sallar layya ta zo. Kun san yadda muke yi: a feɗe raguna, a banƙare kowane a kan itace, a jera su a kewaye wuta a ƙofar gida. Ranar nan mahauci ba ya zama. Raguna tara aka jera a ƙofar wani mai hali, ƙafafu a buɗe, haƙarƙari a waje, mutane cike da wurin. Mutumin ya juyo, riga jage-jage da jini, wuƙa a hannu, yana dariya don murna, ya ce, "Hafizu, taho in gwada maka."

Yaron ya dube shi. Ya dubi ragunan. Ya ja da baya har ya jingina da bango, fitsari na bin ƙafarsa, a gaban kowa. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, don Allah kada ka yi. Ina jin magana."

Wuƙar ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi asibiti. Likita ya ce jikinsa lafiya lau, a dai nisanta shi da abin da ke firgita shi. To me ke firgita shi? Kawunsa Bawa ya zo ya tafi da shi garin Isa, inda yake taya shi auna gero. Yaron ya fara dariya a can, an ce har ƙiba ya yi.

Uban yana hawa babur ya je duba shi ranar kasuwa. Sai ya yi wanka, ya canza riga, ya bar wuƙa a gida. Duk da haka yaron daga bakin ƙofa yake gaishe shi, idonsa a kan hannuwan uban. Sana'ar kakanni ta tsaya a kan mutumin, amma ba ita ke sa shi kuka ba. Ya ce da ni, "Malam, ɗana bai karɓar abinci daga hannuna."

To ya 'yan uwa, amana ce aka ba mu. Muna duba abin da yaro zai sa a baki, har mu shinshina. Abin da zai shiga ta ido fa? Wanda ya shiga ciki yana fita, na ido zama yake yi. Tsoro ba ya taurara zuciyar yaro, fasa ta yake. Ku duba wayoyinku, ku duba na 'ya'yanku, yau ba gobe ba.

Allah ya tsare mu, ya tsare idanun zuriyarmu, ya mayar wa bawan nan da ɗansa.

Katin finafinan kuwa ni na karɓe shi daga hannunsa. Na sa a wayata don in san abin da za ni yi wa'azi a kai, na kai fim na huɗu. Wayar tana gida tun safe wurin 'yata Sadiƙa, kuma ta san lambar buɗewa.