Ginshiƙin Ajin Malam Hassane

Akwai wani malamin lissafi ɗan Damagaram, Malam Hassane, da ke koyar da 'yan ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a Bani Malik, a Jidda. Makarantar ce kafilinsa, wato ita ta tsaya masa ya zauna a ƙasar. Iƙamarsa, takardar izinin zama, da ta iyalinsa duk a hannunta suke.

Da dabino yake koyar da matsakaici. Yara su tara, su raba daidai, sannan su zana ginshiƙai a allo su karanta.

Abokinsa Ustaz Majid, haifaffen Jidda, shi ke riƙe da ɗaya ajin. Tare suke karin kumallo da ful, dafaffen wake, da safe. Ana tsakiyar shekara ya same shi.

"Ya akhi, akwai yaran da suka gagare ni, ko rabawa ba su iya ba. Ka karɓe su don Allah, kai ne mai haƙuri."

"Kawo su. Ai 'ya'yanmu ne."

Ya zauna da su har suka fara ci, ko da yake da ƙyar.

Ƙarshen shekara, shugaban makaranta, Ustaz Badr, ya haska zanen matsakaicin makin kowane aji a gaban malamai. Majid ne ya zana. Ginshiƙinsa dogo, na Hassane gajere.

Hassane ya miƙe. "Ranka ya daɗe, an kwashe raunana daga wancan aji an zuba a nawa. Dole nasa ya hau, nawa ya sauka. Majid, faɗa musu."

Majid ya dubi allo. "Wallahi ya Ustaz, alƙaluma ba sa ƙarya."

Ba a sabunta kwantiragin Hassane ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma gida, 'yarsa Mariam ba ta gama sakandare ba.

Da aka haɗe ajujuwan biyu a hannun Majid, babu sauran inda zai tura kowa. Maki ya zube, iyaye suka yi ca, aka sallame shi.

Da aka tuna wa Ustaz Badr zancen Hassane, cewa ya yi, "Halas, ya wuce."

Bai wuce ba! Korar Majid ba ta dawo wa Mariam da karatunta ba. Ya kamata makarantar nan ta kira Malam Hassane, ta wanke shi a gaban malaman da aka kunyata shi, ta mayar masa da aikinsa.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da tsawon ginshiƙi sai ka tambayi su wa aka ƙirga a ciki. Wanda kuma ya sauke maka kaya, kada ka yi shiru ranar da kayan suka danne shi. Ku tura wa kowane shugaban makaranta da kuka sani.