Kabarin Bakin Gulbi

A zamanin da, tun iyakar ƙasashe ba ta wuce gulbi da dutse ba, an yi wani sarki ana ce masa Ranau. Mai adalci ne idan ya huce, amma kafin ya huce ɗin nan, to, Allah ya kiyashe ka da shiga gabansa. Ƙasarsa ta tara jama'a iri-iri, da Musulmin birni, da Maguzawan karkara, da mutanen kan dutse, da masuntan bakin gulbi, kowa da abin da ya gada wurin kakanninsa.

Sarkin nan yana da ƙane guda, Korau, wanda ya rena da hannunsa tun rasuwar mahaifiyarsu. Wata rana Korau ya ɗauki mashi ya fita farauta wajen gulbi, sai dokinsa ya komo shi kaɗai, sirdi a karkace. Aka bi daji aka yi ta nema, ko takalminsa ba a gani ba.

Ana cikin haka wani falke ya zo ya faɗi gaban sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ratso ta tungar masunta, na ga sun ɗauko wata doguwar gawa cikin farin likkafani, mata na kuka. A bakin ruwa suka binne ta, ba a maƙabarta ba. Da na tambaya wa ya rasu, kowa ya kau da kai."

Nan take sarki ya tura dogarai. Kafin la'asar dogarai sun kawo Nomau, tsohon da ke shugabantar tungar, hannuwansa a ɗaure.

Sarki ya ce, "Wa kuka binne?"

Nomau ya ce, "Zaki, bakina ba zai iya kiran sunansa ba sai sabon wata ya tsaya. Haka muka gada."

"Ina ƙanena?"

Tsoho ya sunkuyar da kai.

Sarki ya miƙe, ya ce gobe da rana tsaka a sare kan tsohon nan, a je a tone kabarin. Nomau ya ce, "Kaina naka ne, ranka ya daɗe. Kabarin dai kar a taɓa shi." Fadawa suka ce ai ga shi nan ya amsa laifinsa. Su fadawa dama ba su taɓa jin hukuncin da bai yi musu daidai ba.

Mutum guda ne bai bi bakinsu ba, shi ne Waziri Cindo, wanda ya yi yawon fatauci cikin kabilu da ƙuruciyarsa. Ya lura kan Nomau sabon aski ne ƙwal, ga igiyar kaba ɗaure a wuyan hannunsa, alamar makokin ɗan'uwa na jini a wurin mutanen ruwa. Ya matso ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mutum ba ya aske kansa don baƙon da ya kashe. Suna aka hana shi kira, ba a hana shi amsa tambaya ba. Ka ba ni shi kaɗan."

Sarki ya ɗaga hannu. Waziri ya juya ga tsoho.

"Baba, mamacin nan yaro ne ko babba?"

"Ya girmi ubana."

"A wane ɗaki yake kwana?"

"Ba shi da ɗaki. A ruwa yake kwana, da hantsi ya fito kan yashi ya sha rana."

"Da ƙafa nawa yake tafiya?"

"Huɗu, Waziri."

Waziri ya dubi sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, kada suka binne."

Sai fada ta ɗauki salati. Wani bafade carbinsa ya suɓuce, wani ya riƙe baki ya manta ya saki. Limamin fada ya ce, "Likkafani? Kada? Har da kuka?" Sarki kansa ya koma ya zauna.

Nomau ya ce, "Shi ne kan gidanmu. A kan gadon bayan kakansa kakanmu ya ƙetare gulbi ran da mahara suka biyo shi. Ba mu cin namansu, ba mu ɗaga musu hannu, in sun mutu mu yi musu sutura."

Fadawa suka fara ƙunƙuni, wai irin wannan hauka ba a taɓa ji ba. Waziri ya yi murmushi, ya ce, "Madaki, me ya sa ba a dafa damo a gidanku?" Madaki ya shiga gyaran rawani. "Sarkin Maƙera, gumbar da kake zuba wa uwar maƙera in shekara ta juyo, wa ke sha?" Shi ma ya dubi ƙasa. Liman ya ce, "Wannan ba hanyarmu ba ce, kuma ba zan ce ita ce ba. Amma jinin mutum aka zo nema, ban kuwa ga jini a hannun tsohon nan ba."

Sarki ya ce, "To, ina Korau?"

Waziri ya lura tsoho ya damƙe wani ƙunshi a ƙugunsa, ga tsoro ƙarara a idonsa, tsoron da bai nuna ba lokacin da aka ambaci sare kansa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka yi rantsuwa dogari ba zai taɓa ko tsinke a tungar nan ba sai wata ya tsaya." Sarki ya rantse.

Aka kwance Nomau. Ya warware ƙunshin, ya ajiye kan mashi a gaban sarki. Sarki ya gane shi nan take, domin shi ya sa aka ƙera wa ƙanensa.

"Daga haƙarƙarin mamacin muka zare shi," in ji Nomau. "Mai shi bai sani ba, ya ga nama ne ya jefa. Samarinmu sun zaro wuƙaƙe, na shiga tsakani. A wurinmu wanda ya kashe kan gida shi ke zaman makokinsa, ba magana, ba fita, ba a kiran sunansa, har wata ya tsaya. In ya cika, ya zama ɗan gida, ba mai taɓa shi. In aka fitar da shi kafin lokaci, jininsa ya zama wajibi a kan kowane ɗan tunga, ko bayan shekara nawa ne. Da na faɗa maka ɗazu, Zaki, da yanzu dogaranka sun jawo shi waje."

Sarki ya daɗe yana kallon tsohon da ya yi niyyar yankawa gobe, mutumin da ya ba da wuyansa don ƙanensa ya rayu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya hau gado.

Washegari ya hau ba kakaki ba tambari, daga shi sai Waziri da Nomau. A bakin gulbi ya leƙa wata 'yar bukka, ya ga Korau zaune a tabarma, kai a aske, igiyar kaba a hannu, ga ƙwaryar fura a gefensa. Suka haɗa ido. Sarki ya buɗe baki zai kira shi, sai ya tuna, ya haɗiye sunan, hawaye na bin gemunsa.

Nan ya yi doka, ba mai sake jifan kada a gulbin nan, kuma ba kabilar da za a yanke wa hukunci kan al'adarta sai an tambayi tsofaffinta. Sa'an nan ya taka zuwa kabarin, inda masunta suka taru suna jiran abin da zai biyo baya. Sarkin ƙasa ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa kan yashi, ya dubi Nomau ya ce, "Baba, ya haƙuri?"

Da wata ya tsaya Korau ya koma gida da ƙafarsa, kuma har ya tsufa masunta ɗansu suke ce masa.