Mamatsai Huɗu Masu Jan Fenti

Akwai wani mai walda da yake aiki a rumfar ƙofar gidansa. Matarsa ta yi ciwo, ƙafafunta suka daina ɗaukarta, har ta shekara uku ba ta shiga majami'a ba. Ba ta iya zama a kan babur, ba ta kuma yarda a goya ta a tsakiyar gari kamar jaririya ba. Abin yana ci wa mijin rai ƙwarai.

Wata rana maƙwabcinsa ya ba shi tsohon gadon ƙarfe mai bututu masu ƙwari, irin da ba a samu yanzu. Mutumin ya auna, ya ga za su isa keken guragu guda ɗaya, ba saura. Ya shiga gida ya ce wa matarsa, “Uwargida, ranar Ista da kanki za ki tuƙa kanki zuwa sujada.” Ta yi murna, ta sa aka ciro mata zanenta daga ƙasan akwati.

To, mai walda yana bukatar mamatsi, wato ƙarfen nan da ake murɗawa ya riƙe ƙarafa biyu kada su motsa sa'ad da wuta take cin su. Nasa ya karye. Ya tafi kasuwa wurin wani tsoho, tsohon ya nuna masa ɗaya baƙi mai nauyi, da waɗansu huɗu masu jan fenti, marasa nauyi, masu araha. Mutumin ya murɗa ɗaya daga cikin jajayen a gefen tebur, ya ja da ƙarfinsa, bai motsa ba.

Tsohon ya ce, “Ɗana, tebur ai sanyi gare shi. Aikinka kuwa na wuta ne.”

Mutumin ya yi dariya, ya kwashi jajayen, yana ganin ya yi wayo.

Kowane mai walda ya san ka'ida: a ɗiga wuta kaɗan a kowace kusurwa, a tsaya, a sake aunawa, sa'an nan a ƙone duka. Shi ma ya sani. Amma da ya ga mamatsai huɗu sun cafke aikin, sai ya ce me zai auna kuma. Ya zuba wuta tun daga farko har ƙarshe bai ɗaga kai ba. Da zafi ya kai ga mamatsan, suka saki kaɗan, bai fi faɗin yatsa ba, shi kuwa bai gani ba.

Da ƙarfen ya huce ya ɗaura ƙafafun keken, sai ɗaya ta ƙi taɓa ƙasa. Keken ya karkace. Ya sa guduma don ya miƙar da shi, bututun ya tsage. Ya yanke ya sake haɗawa, ya gajarce. Ya zaga gari kwana biyu neman irin bututun, bai samu ba.

Safiyar Ista ya tarar matarsa ta riga ta yi wanka ta ɗaura zanen, tana zaune a bakin tabarma, gama bai iya gaya mata keken ya lalace ba. Ta dubi fuskarsa, ta gane. Ta ce, “Ba komai, maigida. Ka tafi, ka gaishe mini da 'yan majami'a.” Bai tafi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita ya yi kuka, ita ce ma take ba shi haƙuri.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙarfen nan ranmu ne, wutar kuwa gwaji ce. Mamatsi shi ne abin da muka dogara gare shi ya riƙe mu. Da yawa a cikinmu mun sayi bangaskiya mai araha, wadda ba ta da addu'a, ba ta da tuba, sai fenti. A ranar lafiya tana riƙo kamar ta gaske, shi ya sa muka daina auna kanmu da Maganar Allah. Ina faɗa muku da baƙin ciki, ba da ƙara take saki ba. Kaɗan take saki, cikin zafi, sa'ad da ba ka dubawa, sai ka huce ka ga ka karkace.

Kuma kada wani ya ce asarar tasa ce shi kaɗai. Kowannenku akwai wanda ya gaskata alkawarinsa, mata ko ɗa ko tsohuwa a gida. Ku auna kanku yau, tun kuna iya gyaruwa, gama Allah yana gafarta wa mai tuba, amma ba a mayar wa wanda ya jira ka ranar da ya rasa.