Kurege da Tuwon Surukai

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To, mai surutu ya yi mana shiru, yau raina a ɓace yake da Kurege.

Wata mata ce, Gwaggo Ladingo, mai zafin rai. Abin taƙamarta, ba a taɓa ganin gudaji a tuwon masararta ba, don in ya yi, bayan danga take watsarwa. Kurege kuwa, munafuki, a nan raminsa yake.

Ranar da surukanta za su zo, ta yi talge, ta fara zuba gari tana tuƙi. Sai ga Kurege ya durƙusa a bayanta.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Lafiya."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ƙafar nan? Ya akuyar da ta haihu?"

Kun san ba a amsa gaisuwa da ƙeya. Ta waiga, ta waiga, hannu ya tsaya, tuwo ya yi gudaji. Ta yi ƙwafa ta watsar, Kurege ya zaga ya lashe.

Ta sake ɗorawa, ya sake dawowa, wai ya manta bai tambayi kaji ba. Tuwo ya sake tafiya bayan danga.

Gari saura kwano ɗaya, baƙi suna hanya. Marar kunyar nan ya dawo na uku, ciki kamar tulu. Ta take masa wutsiya, ta danƙa masa muciya.

"Tuƙa, ɗan banza! Yau ni zan gaishe ka. In na ga gudaji ɗaya, kai ne naman miya. Ina wuni?"

"Lafiya, wayyo!" Talge na fallatso masa a ido.

"Ina gajiya?"

"Wallahi akwai ta, Gwaggo!"

Ya tuƙa, ya tuƙa, har tuwo ya yi sumul. Sai ya kalli ƙofa ya ce, "Maraba da baƙi!" Ta ɗaga ƙafa za ta gyara mayafi, ya arce.

Can surukai suka iso, suka ci har da suɗe kwano. Babbarsu ta ce, "Ladingo, shekara goma muna cin tuwonki muna kawaici. Yau kam hannunki ya faɗa!"

Ladingo ta kwashe kwanuka, ta ce, "Na gode."

Ƙurunƙus kan kurege! Wanda ya tsare ki da gaisuwa kina tuƙin tuwo, ba lafiyarki yake tambaya ba.